Bindigar Marigayi

"Wancan mai gajeren wandon, shi ne mai laifi!" Wata tsohuwa ta nuna wani kofur na 'yan sanda da sandarta tun alƙalin Nguru bai gama zama ba.

Magatakarda ya tuna mata cewa ita ake tuhuma. Tun da aka gama yaƙin basasa hukuma ke tattara makamai, ga shi an sami bindiga ba lasin a gidanta na Gashuwa. Hukuncin kuwa ɗauri ne.

"Iya, taki ce?" in ji alƙali.

"Ta marigayi mijina ce. Ko yana raye ba ta taɓa kashe ko zabo ba."

Kofur ya ɗaga bindigar, duk tsatsa, bakinta toshe da ƙasa. Ya ce don kare lafiyar jama'a ya ƙwace ta.

"Lafiyar jama'a!" Ta tafa hannu. "Ranka ya daɗe, shekara huɗu tana kafe a tsakar gidana, a jikinta nake ɗaure ragona. Kaf unguwa an san halinsa. Na ce ɗan nan kar ka tuge, ya ce doka ce. Kafin la'asar ragon ya kayar da ladan, da mai kifi, da wata Bayarabiya mai atamfa."

Alƙali ya dubi kofur. "Zauna ka yi bayani."

Kofur ya sunkuyar da kai, ya ce ya fi son tsayuwa.

"Ina zai iya zama?" Tsohuwar ta buga sanda a ƙasa. "A mazaunansa ƙahon ragona ya karye. Ni yau sai an fito mini da wanda zai amsa laifin ƙahon nan!"