Bakin da Takunkumi Ya Ɓoye

Wata bakwai da kwana huɗu Garzali direba yana kai Lauren, Ba'amurkiya malamar makaranta, wurin aiki, bai taɓa ganin bakinta ba saboda takunkumin korona. Ta koyi ci da hannun dama, ta iya cewa "sannu da aiki." Ranar Lahadi bayan la'asar suka haɗu a wani gidan shayi a unguwar Mushairib don ya amsa maganar auren da ta yi masa.

Ta zo rungume da ɗan farin karenta mai suna Biskit. Ta zare takunkumi, ta yi murmushi. Garzali bai gama kallo ba karen ya lashe mata leɓe, har haƙora. Ta yi dariya, ta kurɓi shayi, ta turo wa Garzali kofin.

"Sha mana. Biskit ma yana sonka."

Garzali ya dubi yawun da ke bakin kofin.

"Madam," ya ce, sunan da ya daina kiranta da shi tun azumi, "in na ce ko ni ko shi fa?"

"Ɗana ne, Garzali!"

Ya mayar da takunkuminsa, ya matse shi a karan hanci.

"Khalas, shi ke nan. Gobe shida da rabi zan zo ɗaukarki, kamar kullum."