Ƙidayar Yaran Fezzan

"Maganar mai shara za ki ɗauka, ki bar alƙalumana?" Mikail ya yatsine fuska. "Gida arba'in na shiga a Fezzan. Kowane yaro da takalminsa. A cire unguwar daga tallafin abinci kawai."

Mu'mina, shugabar binciken talaucin yara, ta miƙa wa Hajja mai shara hotunan da ya ɗauko.

Hajja ta taɓe baki. "Ɗan boko, dubi ƙafafun da kyau. Jan takalmin jikana ne duka. Ta katanga ake miƙa shi kafin ka gama sallama. Wa zai tona asirin gidansa gaban baƙo?"

Mu'mina ta rufe rahoton. "Gobe za a sake ƙidaya. Hajja a gaba, kai ka riƙe mata jaka."