Kason Malama Rifkatu

Har yau in na ji ƙamshin lemo, sai in tuna ajinmu na firamare a Ƙofar Atiku. Malama Rifkatu, mai koya mana lissafi, ta miƙo mini lemo da wuƙa, ta ce in raba shi huɗu in nuna wa aji ɗaya bisa huɗu.

Na yanko ƙaton ɓari na ajiye gabanta, sauran na raba ƙanana uku. Aji ya fashe da dariya. Idanuna suka ciko, ina jiran bulala.

Ta ce, "Me ya sa wannan ya fi girma?"

Na ce, "Naki ne, Malama. Inna ta ce babba ba shi cin daidai da yaro."

Ta tsawata wa aji. Ta ɗauka da hannu biyu, ta ce, "Na gode, 'yata." Ta shanye kasonta tas, sannan ta ciro wani lemon daga jaka. "Wannan na yara huɗu ne, duk tsara ɗaya. Kada wani ya fi wani."

Ranar na gane ɗaya bisa huɗu, kuma ban koma gida ina jin kunyar abin da Innata ta koya mini ba. Allah ya saka wa Malama da alheri.