Sarƙar Keken Tela

Kowa a layin cewa yake mai gyaran keke mugu ne. Ya ɗaura wa keken hawa na wani tela inji da sarƙar jabu, ta tsinke a gangara, tela ya karye a cinya. Kasuwar mai gyara ta mutu, bai ce uffan ba.

Ranar da yake kwashe kayan shago, tela ya dogaro sanda, mahaifinsa na biye.

"Maci amana, guduwa za ka yi?"

Tsohon ya riƙe hannun ɗansa. "Bari, ɗana. Ni na sayo sarƙar don arha. Ya ce ba za ta ɗauki ƙarfin inji ba, na ce ko furfurata ya raina."

Ya juya wajen mai gyara, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ka rufa min asiri, na bari ana zaginka. Ka yafe mini."