Kwanon Kirsimati

Tsohuwar maƙwabciya ta dawo da kwanon a rufe, da nauyinsa. Amarya ta karɓa.

Tun da aka kawo mijinta akawu ofishin Razdan, Baturen mulki, a Kontagora, su kaɗai ne Kiristoci a unguwar, kuma ko ruwan gidansu tsohuwar ba ta taɓa sha ba. Yau Kirsimati, sai da amarya ta yi addu'a, ta kai wa liman zakara ya yanka, sannan ta aika mata da shinkafa.

"Inna, ba ki ci ba?" in ji amarya.

"Buɗe mana, 'yar nan! A garinku fanko ake mayar da kwano?"

Ta ɗaga murfin. Man shanu ne fal.

"Baɗi ki ƙara yaji," in ji tsohuwar.