Ragowar Ruwan Ƙanƙara

Tun da aka kafa dokar zafi, duk garin da ma'auninsa ya haye jan layi sai a kwashe mutanensa a yi kudu da su. Wannan karon Lantana aka turo garinsu, Rijiyar Tsamiya, ta kafa sabon ma'auni.

A inuwar masallaci ta buɗe allon na'urar, ta jona wayoyi, ta tsoma bakin ma'aunin cikin ƙanƙarar da ta riƙo a filas. Ta dinga murɗa saiti a hankali har allon ya nuna sifiri. Haka ake yi masa don kada ya yi ƙarya.

Kawunta Tanimu na tsugune yana kallo.

"'Yar nan, tunda abin a hannunki yake, ki ɗan rage masa mana. Wa zai sani?"

"Kawu, tsohon ma'aunin ai ragewa yake yi. Da daidai yake, da an kwashe ku kafin zafin bara ya tafi da Inna."

Ta zare ma'aunin ta rataye. Lambobi suka yi ta hawa, tun rana ba ta take ba suka wuce jan layin.

Kawu ya miƙo hannu. "Ba ni ragowar ruwan."

Ta zaci sha zai yi, sai ta ga ya rungume filas ɗin ya nufi maƙabarta.

"Mu dai za a kai mu inuwa," ya ce, bai waiwayo ba. "Ita fa mahaifiyarki, wa zai yayyafa mata?"