Jigon Mainasara Mai Guga Huɗu

Mainasara na jan igiya, gumi na tsiyaya, ruwan Rima na malala cikin fangalin albasa. Sabon jigon da ya ƙera ke nan, mai guga huɗu. Maƙeran Wurno har sun fara leƙe, shi kuwa ba shi da halin zuwa Ikko ya yi wa ƙirar rajista. Dabara ɗaya ta rage masa: Di'o, Baturen mulki, ya gani da idonsa, ya buga masa hatimi, kada kowa ya kwaikwaya.

Shi ya sa yau da Di'o ya zo da tafintansa, ya zaunar da samarin 'ya'yansa uku a inuwa, ya hana su taɓa guga.

"Ranka shi daɗe, duba! Aikin mutum huɗu ni ɗai ka yin shi. Ga ɗiyana can, ba su da abin yi!"

Di'o ya yi murmushi, ya yi magana.

Tafinta ya sunkuyar da kai. "Ya ce madalla. Bara an bar maka su don lambu ba ya yi sai da su. Gobe su bi ɗiban gwamna, aikin tilas na haƙar kuza a Jos."

Mainasara ya fizgi igiya iya ƙarfinsa, yana roƙon Allah jigon ya karye.

Ina! Ƙirar ta yi kyau.